Daga Gayya Zuwa Koke: Tsokaci a Kan Harshen Ƙungiyoyin Taimakon Kai da Kai a Ƙauyen Alu da Maƙwabtansa

1.0 GABATARWA

Masu nazarin al'adun Hausawa sun daɗe suna yabon gayya, kuma duk sa'ad da aka zo maganar ƙungiyoyin taimakon kai da kai da suka cika unguwannin Kano, sai a ce ai gayya ce ta sake riga. Wannan magana tana da daɗin faɗa, shi ya sa ba a cika tsayawa a auna ta ba. Maƙasudin wannan takarda shi ne a auna ta, a ga wace irin gayya ce ƙungiyoyin nan suka gada, sa'an nan a dubi harshen da suke amfani da shi yayin da suke magana da ƙaramar hukuma. An ɗauki Ƙauyen Alu da maƙwabtansa na Ƙaramar Hukumar Tarauni domin su zama wurin misali, saboda sunan wurin ya riga ya nuna matsalar: ƙauye ne a baki, amma birni ya haɗiye shi.

Abin da takardar za ta tabbatar shi ne, ƙungiyar unguwa tana yin aikin da doka ta ɗora wa hukuma, kuma harshen da take rubuta kokenta da shi yana mayar da haƙƙin jama'a ya zama alfarma. Ba za a ambaci sunan wata ƙungiya ba, domin ɗabi'ar da za a yi sharhi a kanta ta game su.

2.0 ƘAUYEN DA BIRNI YA HAƊIYE

Ƙauyen Alu ɗaya ce daga cikin mazaɓu 10 na Ƙaramar Hukumar Tarauni. Sauran su ne Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi Arewa da Gyaɗi-Gyaɗi Kudu da Unguwa Uku da Unguwar Gano da Darmanawa da Daurawa da Babban Giji da Hotoro. Ƙidayar 2006 ta ba wannan ƙaramar hukuma mutum 221,367 a cikin fili mai faɗin murabba'in kilomita 28, watau kusan mutum 8,000 ke nan a kowane murabba'in kilomita. In aka raba jimlar daidai wa daida, kowane kansila yana wakiltar mutum fiye da 22,000 tun a wancan lokaci.

A da, ƙasar da ke kewaye da ganuwar Kano ƙasar noma ce wadda ba a barinta ta huta. Binciken da Mortimore da Wilson suka buga a 1965, da wanda Polly Hill ta buga a 1977 a kan Ɗorayi, duk sun nuna yadda manoman kewayen birni suka dogara da taki. Jakuna kan shiga birni da itace da amfanin gona, su fito da mangaloli cike da shara da toka da kashin dabbobi. Ke nan a wancan zamani bolar birni dukiya ce ga ƙauye. Yau da gonakin suka zama gidaje, leda kuma ta cika juji, bolar nan ita ce ta zama babban abin da ƙungiyar unguwa take kuka a kansa.

Akwai abubuwa biyu na doka da suka tsara makomar irin wannan wuri. Na farko shi ne gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976, wanda ya ƙarasa ɗauke mulkin yau da kullum daga hannun En'e ya damƙa shi ga majalisar ƙaramar hukuma. Na biyu shi ne Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978, wadda ta sa duk ƙasar da aka ayyana ta zama birni a ƙarƙashin ikon gwamna, ta bar wa ƙaramar hukuma ƙasar karkara kawai. Daɗin daɗawa, dokar ta ce in gwamnati ta karɓi fili, diyyar abin da ke kansa za a biya, kamar gini ko shuka. Wannan ya sa manoma da yawa a kewayen Kano suka gwammace su yanka gonakinsu da kansu su sayar kafin a zo a karɓe, abin da ake kira awon igiya. Mai awon igiya kuwa ba ya barin filin makaranta ko na maƙabarta, kuma lungun da zai bari da ƙyar ya ɗauki magudanar ruwa.

Saboda haka mazaunin irin wannan unguwa yana ƙarƙashin iko uku. Ga mai unguwa da dagaci da hakimi, waɗanda suka san shi amma ba su riƙe da baitulmali. Ga kansila da shugaban ƙaramar hukuma, waɗanda ya zaɓa amma ba su da iko da ƙasar da yake zaune a kai. Ga kuma hukumomin jiha, irin su Hukumar Tsara Birane da Hukumar Kwashe Shara, waɗanda suke da iko amma bai zaɓe su ba. A cikin ratar da ke tsakanin waɗannan uku ƙungiyar unguwa ta tsiro.

3.0 GAYYA IRI BIYU

In aka ce gayya, abin da yake fara zuwa zuciya shi ne gayyar noma. Mai gona zai gaya wa Sarkin Noma ko Sarkin Samari, a sa rana, samari su fito da garemani ko fartanyoyi, makaɗa suna zuga su, mai gona kuwa ya tanadi fura da tuwo da goro. Wannan gayya tana da sharuɗɗa uku waɗanda ba a rubuta su ba amma kowa ya san su. An san mai aikin, domin gonar tana da mai ita. Aikin yana da iyaka, domin yini ɗaya ne ko biyu. Kuma akwai ramuwa, domin wanda ya je ta wani yau, gobe za a zo tasa. Wannan ita ce za mu kira gayyar zumunci.

Amma akwai wata gayyar wadda ba a cika ambatonta ba wajen yabo, watau wadda ake kira daga sama. Da ita aka riƙa gyaran ganuwa da noman gandun sarauta, kuma a zamanin Turawa da ita aka riƙa sharar hanya da gyaran barikin sauka. A nan babu ramuwa, kuma wanda ya ƙi fita ya san abin da zai biyo baya. Ko yarjejeniyar duniya ta 1930 da ta hana aikin tilas sai da ta keɓe ƙananan ayyukan gari da ake sa mutanen ƙauye, ta ce ba su shiga cikin hanin ba. Wannan ita ce gayyar sarauta.

Gwamnatocin bayan mulkin kai sun fahimci amfanin kiran iri na biyu da sunan iri na farko. A Jamhuriyar Nijar, Seyni Kountché, wanda ya yi mulki daga 1974 zuwa 1987, ya farfaɗo da Samariya ya mai da ita hannun gwamnati a kowane gari da unguwa. A Nijeriya an ga ranar tsaftar muhalli a zamanin yaƙi da rashin ɗa'a na 1984, sa'an nan hukumar raya karkara da aka kafa a 1986 ta ƙarfafa kafa ƙungiyoyin ci gaban al'umma. A Kenya ma Harambee ta Jomo Kenyatta ta gina makarantu masu yawa, amma daga baya 'yan siyasa suka mai da ita dandalin nuna kyauta, har sai da dokar 2003 ta taƙaita hannun ma'aikatan gwamnati a cikinta.

Ƙungiyar unguwa ta gaji duka biyun. Samarin da suke fitowa da shebur da baro kafin damina suna yi ne da zuciyar gayyar zumunci. Amma in muka auna aikin da sharuɗɗan nan uku, sai mu tarar bai cika ko ɗaya ba. Kwata ba ta da mai ita da zai yi tuwo, yashe ta ba ya ƙarewa, kuma wanda aka ɗauke wa nauyin, watau hukuma, ba ta zuwa gayyar kowa.

4.0 ABIN DA ƘUNGIYA TA IYA

Kafin a shiga suka, wajibi ne a faɗi gaskiyar alherin waɗannan ƙungiyoyi. Su ne suke yashe magudanan ruwa, da cike zaizaya da ɓaraguzai, da katange maƙabarta da yi mata ciko bayan ruwan sama. Su ne suke haɗa karo-karo a gyara taransifoma ko famfon tuƙa-tuƙa, da biyan 'yan sintiri, da gina ajujuwan Islamiyya. Sau da yawa su ne suke sasanta mai gida da ɗan haya kafin magana ta kai ga 'yan sanda. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma babu injiniyan da ya kai mutanen lungu sanin inda ruwa yake kwanciya.

Sai dai in aka ɗauki jerin ayyukan nan aka ajiye shi kusa da Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999, za a ga abin mamaki. Jadawalin ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da maƙabartu, da gina tituna da magudanan ruwa da fitilun kan hanya, da kwashe shara, da kula da kasuwanni da tashoshin mota, da sa wa tituna suna da gidaje lamba, da sa hannu a ilmin firamare da kiwon lafiya. Kusan duk abin da ƙungiya take yi da guminta yana cikin wannan jeri. To, yaya ƙungiyar take magana da wanda take yi wa aikinsa? Wannan shi ne zuciyar takardar.

5.0 HARSHEN KOKE

Ƙungiya tana magana da hukuma ta hanyoyi uku: takardar koke, da jawabin ranar ƙaddamar da gidauniya, da kuma koken rediyo, wanda ya yawaita tun da gidajen rediyo masu zaman kansu suka fara aiki a Kano, musamman a shirye-shirye irin su "Inda Ranka" na gidan Freedom. Duk ukun ƙirarsu ɗaya ce.

5.1 Ƙirar koke

Ana buɗewa da sallama da gaisuwar ban girma. Daga nan sai yabo: a ambaci ayyukan alherin da shugaba ya yi a wasu wurare, a kira shi jajirtacce mai kishin talakawa. Sai a kawo matsalar a taƙaice. Sai roƙo. A rufe da addu'ar Allah ya ƙara ɗaukaka, ya kai shi kujera ta gaba. Duk wanda ya san adabin baka zai gane wannan tsari, domin tsarin maroƙi ne: kirari, sa'an nan bukata, sa'an nan godiya. M. G. Smith ya nuna tun 1957 cewa roƙo a ƙasar Hausa hanya ce ta tabbatar da fifikon wanda ake roƙa a kan mai roƙo. Har zambo ma yana da takwara a nan, domin in an gaji da jira sai a koma rediyo a ce lokacin zaɓe yana tafe. Amma maroƙi ba ya bin ubangidansa bashi. In an ba shi an kyauta, in an hana shi ba a ci haƙƙinsa ba. Ƙungiyar da ta ari bakin maroƙi ta yarda ke nan da wannan matsayi tun kafin a ba ta amsa.

5.2 Kalmomi

Kalmomin da suka fi yawo a cikin koke su ne taimako, tallafi, agaji, ɗauki, da share hawaye. A ce hukuma ta dubi Allah ta kawo ɗauki, ko ta waiwayi al'ummar wuri kaza. Kowace daga cikinsu tana da inda ta dace a Hausa. Agaji na wanda gobara ko ambaliya ta faɗa wa ne. Ɗauki na wanda abokan gaba suka rutsa ne. Share hawaye na maraya ne. Babu ɗaya da ake amfani da ita ga wanda ya zo karɓar abinsa.

Kalmar taimako ta fi sauran bukatar lura. A Hausa, wanda aka taimaka shi ne mai aikin. Mai taimako baƙo ne a cikinsa, in ya ga dama ya janye hannunsa. Saboda haka idan sakataren ƙungiya ya rubuta cewa ƙaramar hukuma ta taimaka da siminti da rodi domin a ƙarasa kwalbati, jimlar ta riga ta yanke hukunci cewa kwalbatin na ƙungiya ne, hukuma kuwa mai kyauta ce. Tsarin Mulki ya faɗi akasin haka: kwalbatin na hukuma ne, ƙungiya ce ta taimaka. Kalma ɗaya ta juya mai aiki ya koma mai taimako.

Haka nan maganar "romon dimokuraɗiyya" da ta bazu bayan 1999. Romo shi ne abin da ake zuba wa wanda bai sami nama ba. Al'ummar da take roƙon a ɗanɗana mata romo ta amince cewa tukunyar ta wani ce.

5.3 Ginin jimla

In aka dubi nahawun koke za a ga abubuwa biyu. Na farko, wajen faɗin laifi ana fakewa da lamirin da ba ya nuna mai aiki: an yi watsi da mu, an manta da mu, ba a zo ba, aka fara aka bari. Wa ya yi watsin? Wane ofishi? Wane ɗan kwangila? Jimlar ba ta faɗa ba. Amma wajen yabo sai a kawo cikakken suna da muƙami. Na biyu, jama'a ba sa fitowa a matsayin aikau. Kullum suna can bayan aikatau a matsayin wanda ake yi wa: a gyara mana, a gina mana, a kawo mana. Da wuya a ga jimla mai cewa mun biya, muna bin, muna son a nuna mana lissafi.

Wani zai ce wannan ladabi ne da kunya, waɗanda Bahaushe yake tinƙaho da su, kuma ba a shiga gaban babba da gatsali. Wannan gaskiya ne, kuma takardar nan ba ta kira ga rashin kunya. Amma Hausa tana da hanyar neman haƙƙi cikin ladabi. Mai bin bashi yakan yi sallama, ya gaisa, ya tambayi iyali, sa'an nan ya faɗi adadin kuɗinsa da ranar alkawari. Har wa yau, a cikin Kanon nan aka kafa NEPU a 1950, kuma Malam Aminu Kano da abokansa sun shekara da shekaru suna koya wa talaka kalmomin 'yanci da haƙƙi da zalunci da Hausa tsantsa. Ke nan harshen ba ya rasa kalmomin. Ƙungiya ce ta zaɓi wasu ta bar wasu.

6.0 DALILAN WANNAN ZAƁI

Ruwa ba ya tsami banza. Dalili na farko shi ne hanyar shigar kuɗi. A zamanin En'e haraji ne yake riƙe da baitulmali, kuma ta hannun mai unguwa da dagaci ake tara shi. Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, kuma talakawa sun yi murna da haka bisa dalili, domin an sha wuya wajen karɓarsu. Amma tun da mafi yawan kuɗin ƙaramar hukuma suka koma fitowa daga asusun tarayya, sai mutane suka ɗauke su kuɗin gwamnati, ba nasu ba. Wanda bai ga lokacin da kuɗi suka fita daga aljihunsa ba, da wuya ya nemi lissafinsu.

Dalili na biyu shi ne raunin ita kanta ƙaramar hukumar. Sashe na 162 na Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumomi, kuma shekaru da yawa ta nan kason yake bi. Sau da dama kuma kantomomi aka riƙa naɗawa maimakon zaɓaɓɓu. Shugaban da ba ya riƙe da kuɗinsa, shi ma koke yake rubutawa zuwa sama. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta mulkin kantomomi. Wannan hukunci ya gyara hanyar da kuɗi za su bi, amma bai koya wa kowa yadda zai tambayi inda suka tafi ba.

Dalili na uku yana cikin ƙungiyar kanta. Shugabancinta yakan kasance a hannun masu gidaje da 'yan asalin wuri, iyayen ƙungiya kuwa attajirai da manyan ma'aikata. Ɗan haya, wanda shi ne kwata take shiga ɗakinsa, ana karɓar karo-karonsa amma ba a cika zama da shi ba. Mata, waɗanda su ne suka san kuɗin jarkar mai ruwa da nisan asibitin haihuwa, ba su da wurin zama a taron da ake yi a ƙofar masallaci bayan sallar isha'i. Sa'an nan ga matashin sakatare wanda yake hangen kujerar kansila. Ba zai rubuta takardar da za ta ɓata shi da waɗanda zai nemi tikiti a hannunsu ba.

7.0 KAMMALAWA

An nuna a cikin wannan takarda cewa ƙungiyar unguwa a wuri irin Ƙauyen Alu tana aiki da zuciyar gayyar zumunci a cikin tsarin gayyar sarauta, kuma harshenta, tun daga ƙirar koke har zuwa kalmomi da ginin jimla, yana tabbatar da wannan tsari. Ba a ce a daina yashe kwata ba, domin ruwan Agusta ba ya jiran kasafin kuɗi. Abin da ake cewa shi ne, hannun da ya riƙe shebur ya kamata ya iya riƙe alƙalami ta wata fuska.

Shawara ta farko ita ce takardar ƙungiya ta ambaci sashen dokar da ya ɗora aikin a kan hukuma, ta faɗi sunan ofishin da take magana da shi, ta kuma nemi amsa a rubuce. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta buɗe wannan ƙofa. Ta biyu, ƙungiya ta riƙa rubuta adadin kuɗi da kwanakin aikin da jama'a suka zuba a kowace shekara, ta liƙa a bainar jama'a, domin wanda ya nuna nasa lissafi shi ne yake da bakin neman na wani. Ta uku, a ba 'yan haya da mata kujera a cikin shugabanci. Ta huɗu kuwa tamu ce, malaman Hausa: a kwalejojin ilmi muna koya wa ɗalibai rubutun wasiƙar neman aiki da ta neman alfarma, ya kamata mu ƙara musu da wasiƙar neman haƙƙi, mu kuma tattara takardun ƙungiyoyin nan mu yi nazarinsu kamar yadda muke nazarin sauran rubutun zube.